Daga gawon Tanimun zuwa tassar Illela

Masu sayen abinci a Turai kan biya kuɗi mai yawa don hatsin da aka noma ba takin zamani, ba maganin feshi. Manomin Nijar da ke noma haka yana da nasa dalilan, kuma sun daɗe.

A ƙarni na 19, Sarkin Damagaram Tanimun ya hana sare gawo, da hukunci mai tsanani ga wanda ya keta doka. Gawo yakan zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta hana hatsi girma, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani dabbobi su taru ƙarƙashinsa su ci ƴaƴansa, su bar kashi. Manomi kuma kan ba makiyayi damin hatsi don shanu su kwana a gonarsa.

Mulkin Faransa ya sauya wannan tsari. Dokar daji ta 1935 ta sa itatuwa a hannun hukuma, noman gyaɗa ya bunƙasa, malaman gona suka koyar cewa gona mai kyau ita ce wadda aka share fes. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya riƙa binne shuka.

Daga nan aka fara waiwaye. A 1983 Tony Rinaudo ya soma aiki da manoman Maraɗi kan sassaben zamani, wato a bar tohon kututture ya girma. A 1989 wasu manoman Illela suka je Yatenga ta Burkina Faso, suka dawo suka gyara tassa: rami a faƙo, a zuba taki, ruwa ya tsaya. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, takin da ake shigowa da shi ya ƙara fin ƙarfin talaka. Yau an kiyasta gonakin da itatuwa suka dawo cikinsu sun kai hekta miliyan 5.

Hanyar tana da wuya: haƙa tassa aiki ne, takin dabbobi ba ya isar kowa, ƙasarmu kuma tana ƙarancin fosfat. Amma wanda ya bi ta ba ya cin bashin taki, gonarsa ta fi jure fari.

Malamai da iyaye, in yaro ya ga kakansa yana kai taki gona a kan jaki, a gaya masa wannan tarihin, kada ya ɗauka rashin wayewa ne.