Mustafa Alasan, makanikin da ya sa kwaɗi kokowa

In ka je gidan kallo a Tchaké ko Mayahi ka tambayi samari wa ya fara fim a ƙasar nan, sai su yi ta jero maka sunayen 'yan Kano. Ni ma haka nake, sai da na shiga jami'a na ji sunan Mustafa Alasan, wanda Faransawa ke rubutawa Moustapha Alassane.

An haife shi a 1942 a N'Dougou. Makanikanci ya fara yi, amma zane ne a ransa: tun bai taɓa riƙe kamara ba yake haska zanensa da fitila, mutane su taru su kalla. A Yamai ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen nan mai ɗaukar fim, ya koyi aikin, daga baya ya tafi Kanada wajen Norman McLaren, gwanin zane mai motsi.

Fim ɗinsa na 1962 sunansa Aouré. Ku sake karantawa. Aure ne fa, an sa masa rigar Faransanci, kamar yadda Tasawa ta koma Tessaoua a taswira. Haka Kokoa, wanda kwaɗi ke kokowa a ciki, kokowarmu ce aka cinye mata "w". Na daɗe ina wuce sunayen nan a takarda ban gane Hausa nake karantawa ba, kuma wai ni ɗalibin ilimin harshe!

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne Le Retour d'un aventurier na 1966. Wani saurayi ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa. Suka sa huluna, suka rataya bindigogi, suka hau dawaki, kowa ya yar da sunan yanka ya ɗauki na Turawa, Jimmy, Black Cooper. Wasa ya zama ɓarna, suka addabi ƙauyensu da sata da faɗa. Zalika Sule da Djingarey Maïga duk sun fito a ciki. To, duk wanda ya ga ɗan ci-rani ya dawo daga Libiya ko Legas da sabon suna da sabuwar tafiya, ya san labarin nan. A ganina Alasan bai tsani kaboyi ba, shi ma yana son su, shi ya sa dariyar take da zafi.

A shekarar dai ya fitar da Bon Voyage Sim, zane na 'yan mintoci: kwaɗo shugaban ƙasa ya tafi ziyara, ga fareti, ga jirgi, ga girman kai. Shekara shida kacal bayan samun 'yanci, a zamanin Diori Hamani. Sai FVVA a 1972, wato mata, gida, mota, kuɗi, labarin ma'aikacin da son burga ya kai shi ga taɓa kuɗin da ba nasa ba.

Ya shugabanci sashen silima na jami'ar Yamai shekara 15, daga baya ya zauna a Tawa yana ci gaba da zanensa. Ya rasu a Wagadugu a watan Maris na 2015. A 2017 gidan tarihin MoMA na New York ya nuna finafinansa a jere. Ni kuwa a wayar wani aboki na kalli Sim, hoto dishi-dishi, muna tsoron kada kuɗin intanet ya ƙare kafin kwaɗon ya sauka daga jirgi.