Sana'ar Mai Hoto a Gabashin Sakkwato, daga Akwati zuwa Kyamarar Zamani

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a ribaɗinsa na Wurno cikin shekarar 1837, saura shekara biyu wani Bafaranshe mai suna Daguerre ya bayyana wa mutanen Faris hikimar kama surar mutum da haske. Saboda haka, duk da yawan littattafan da ya wallafa, da wasiƙunsa, da hubbarensa da ake ziyarta har gobe, babu mahalukin da zai ce ga kamanninsa a takarda. Ko Barth, Bajamushen da ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, da fensir ya zana abin da ya gani. Amma tattaɓa-kunnen Bello, wato Ahmadu Sardauna, wanda aka haifa a Rabah, ya kuma riƙe sarautarta daga 1934, fuskarsa ce a kan takardar naira 200 tun shekarar 2000.

Hoto bai shigo ƙasar nan da maraba ba, domin malamai sun san hadisan da suka yi narko a kan masu suranta abu mai rai, kuma da yawansu ba su ga bambanci tsakanin mai sassaƙa da mai akwatin hoto ba, ko da yake tsohon Muftin Masar, Shaihu Muhammadu Bakhit, ya rubuta risala yana kafa hujja da cewa wannan aiki tsare inuwa ne kawai, ba kwaikwayon halitta ba. A ganina ba fatawa ce ta buɗe ƙofar ba, larura ce. Da jiragen sama suka fara jigilar alhazai daga Kano cikin shekarun 1950, dattijon da ya yi shekara saba'in yana kau da kai daga mai hoto, shi ne ya zo da kansa, ya gyara rawani, ya zauna a kan benci, don ba a ba da fasfo sai da fuska.

Masu wannan sana'a na farko galibinsu Yarabawa ne, suna bin kasuwanni irin su Achida da Gandi da Goronyo da akwatin katako mai ƙafa uku. Mai hoto zai rataya baƙin ƙyalle a bango, ya zaunar da kai a inuwa, ya ce kada ka motsa, kada ka ƙifta. Sa'an nan ya cire murfin gilashi, ya ƙirga a zuci, ya mayar, ya zura hannu ta cikin wani hannun riga da aka ɗinka wa akwatin, yana wanke takardar a duhu da lalube. Abin da ke fara fitowa, fuska fara fat, rawani baƙi ƙirin, sai ya manna shi a allo ya sake ɗaukarsa kafin kamanni su daidaita. Yaron da ya koyi aiki a hannun irin wannan ubangida ba shi da zaɓin kyamara, sai abin da aka sallame shi da shi.

Zaɓi ya samu ne bayan kuɗin mai sun yawaita, lokacin da aikin madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, ya tara ma'aikata masu son aika hoto gida, kuma 'yan ƙasa suka shiga sana'ar da Yashica da Pentax K1000, marasa ƙarfi kuwa da Zenit ta Rasha mai nauyin tsiya. Asirin wannan nau'i shi ne madubin da ke ciki, wanda ke ɗauko abin da gilashi ya gani ya kai wa idon mai ɗauka, ya kuma ɗaga sama a daidai lokacin da aka danna. Fim ɗaya hoto 36 ne, sai an ba direba ya kai Sakkwato wanki, kuma idan ya ƙone, to, ɗaurin auren ya wuce, babu mai maimaita maka shi. Wannan tsoro ne ya koya musu karanta haske, alhali kusan dukansu gilashi guda suka mallaka, mai milimita 50.

Kyamarar da ba ta cin fim ta sauko inda talaka zai iya hangenta a 2003, da Canon ya fitar da EOS 300D a ƙasa da dala 1,000, Nikon ya biyo da D70 a 2004, har kamfanin fim na Kodak da kansa ya durƙushe a 2012. Daga baya wayar hannu ta ƙwace hoton yau da kullum, ta bar wa mai hoto biki da hawan salla da taron siyasa.

Saurayin da zai sayi kyamararsa ta farko a yau, wanda akasari ta hannu zai samo daga Kano ko Legas, ya kamata ya sani cewa gida yake zaɓa, domin gilashin wani kamfani ba ya hawa bakin kyamarar wani: Nikon ya riƙe bakinsa na F a kyamarori masu madubi tun 1959, Canon ya sauya nasa a 1987 ya bar masu tsofaffin gilasai da hasara. Hikima ita ce ya duba abin da masu hoton garinsu ke riƙe da shi, don a wurinsu zai ari batir da gilashi. Gangar jikin kyamara tana tsufa, gama marufin haskenta yana da adadin dannawa, kimanin dubu 100 a yawancin ƙanana, sai ya bincika nawa aka ci kafin ya biya. Gilashi kuwa, muddin bai yi hazo ko fumfuna ba, yana kai wa ɗa. Wanda ake haɗawa da kyamarar, mai milimita 18 zuwa 55, ya isa koyo da rana, amma a zauren ɗaurin aure mai duhu, mai milimita 50 mai buɗewa har 1.8, wanda bai da tsada, ya fi shi nesa ba kusa ba. Dogon gilashi na hawan dawaki ya jira sai sana'a ta biya kuɗinsa. Kuma tun da kamfanonin biyu suka karkata ga marasa madubi bayan 2020, na hannu sun yi araha, sai dai mai saye ya kiyayi canza gilashi a fili lokacin hunturu, domin ƙurar da ta sauka a kan allon karɓar haske za ta fito ɗigo-ɗigo a kowane hoto, kuma mai share ta sai a birni.