Tumatir da Kariyar Ƙwayoyin Jiki: Nazari Daga Tukunyar Dalijan

Za mu fara da fayyace kalmomi uku. Idan jiki ya ƙona abinci da iskar oksijin, yakan samar da wasu ƙwayoyi marasa natsuwa da ake kira firi-radikal, masu cin kitsen jini da ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin garma. Antioksidan shi ne sinadarin da ke tare su kafin su yi ɓarna. Laikofin kuwa antioksidan ne, kuma shi ke ba tumatir launin ja.

A Dalijan da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, tumatir na shiga abinci ta hanya uku: ɗanye a kwaɗo, dafaffe a miya, da kauɗa, wato wanda aka yanka aka shanya lokacin arahar rani. Amfaninsu ba ɗaya ba ne. Ɗanye ya fi bitamin C, wanda zafi ke lalatawa. Laikofin kuma yana kulle ne cikin ƙwayoyin tumatir, sai wuta ta fasa su yake fitowa sosai, kuma a mai yake narkewa, ba a ruwa ba. Saboda haka uwargidan da ta markaɗa tumatir da tattasai da albasar Aliero, ta soya su da man gyaɗa har mai ya taso jajawur a saman miya, ta yi abin da ilimi ke so. Masu bincike a Dusseldorf ta Jamus sun nuna a 1997 cewa jiki ya fi ɗaukar laikofin daga tumatirin gwangwani fiye da ɗanye. Kauɗa na riƙe laikofin gwargwado, amma rana da iska na rage shi.

Me hakan ke yi wa lafiyayyen baligi? A 1998, Agarwal da Rao na Jami'ar Toronto sun ciyar da lafiyayyu 19 kayan tumatir na mako guda. Laikofin ya ƙaru a jininsu, lalacewar kitsen LDL, mai toshe jijiyoyin jini, ta ragu. Sai dai mu lura, wannan sauyi ne a gwajin jini, ba waraka ba. A 2005 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce hujjar cewa tumatir na hana kansa ƙarama ce ƙwarai.

Hukuncinmu shi ne tumatir abinci ne mai kariya, ba magani ba. A soya shi da mai daidai kima, a ci ɗanye wankakke, a shanya kauɗa a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙurar hanya.