Yadda ake cire ƙafar bayan babur, sauya taya da daidaita ta

Ƙafar baya ita ce ke ɗaukar mafi yawan nauyin babur, ita ce kuma sarƙa ke juyawa, shi ya sa tayarta kan riga ta gaba ƙarewa. A ƙananan babura masu birkin ganga, irin su Bajaj Boxer da 'yan acaba ke hawa, mutum zai iya yin wannan aiki a gida da sifana, filaya, ƙarafan ɓanɓare taya biyu da famfo.

Ana fara ɗora babur a kan jakinsa na tsakiya a wuri mai tauri. Sai a kwance notin sandar birki, a saki ƙarfen da ke riƙe da murfin birkin, a zare fil, a kwance babban noti, sannan a zaro sandar da ta ratsa ƙafar. A lura da ɓangaren da zoben ƙarfen da ke cike tazara ya fito, domin can zai koma. A yawancin irin waɗannan babura faifan sarƙa kan tsaya a wurinsa, ƙafar kawai ke fita.

Kafin sayen sabuwar taya a karanta jikinta. Idan an rubuta 3.00-17, ana nufin faɗinta inci 3 ne, kuma ta rim mai inci 17 ce. Akwai wasu lambobi huɗu da ke nuna lokacin ƙera ta: 2523 na nufin mako na 25 na shekarar 2023. Idan tana da kibiya, dole ta fuskanci inda ƙafar ke juyawa.

Wajen sakawa ne ake yawan ɓarna. A ɗan hura wa tiyub iska kaɗan don kada ƙarfe ya tsunkule shi, a duba robar da ta rufe kawunan wayoyin rim, a shafa ruwan sabulu a bakin tayar. Kada a shafa baƙin mai, yana lalata roba.

Daidaita ƙafar kuwa shi ne matakin da ake raina wa, alhali karkatacciyar ƙafa kan cinye sarƙa da haƙoran faifai, ta kuma sa babur ya riƙa ja gefe guda. A kowane gefe akwai notin jan sarƙa da 'yan zane-zane a jikin ƙarfe. A juya su daidai wa daida har zanen ya yi ɗaya a ɓangarorin biyu. Sai dai a tsohon babur ba a cika dogara da zanen ba. Ya fi kyau a zagaya igiya ta bayan tayar, a miƙo ta gaba ta kowane gefe tana shafar tayar bayan. Idan aka miƙe kan babur, tazarar igiyar da tayar gaba ta zama ɗaya hagu da dama.

Sarƙa na buƙatar sassauci, galibi milimita 20 zuwa 30 idan aka taɓa tsakiyarta, amma a bi abin da littafin babur ɗin ya ce. Bayan an ɗaure babban noti a sake aunawa, a sa sabon fil, sannan a daidaita birki, domin matsar da ƙafa kan canza yadda yake kamawa. A gwada shi a hankali a cikin layi kafin a hau kwalta.