Binciken Garkuwar Jiki a Ƙarin Ƙwaƙwalwa da Lakar Yara

Wannan fanni ne na ilimin likitanci da ke nazarin sojojin jikin da ake samu a ciki da kewayen ƙarin da ya fito wa yaro a ƙwaƙwalwa ko a laka: su wane ne, da yawa suke ko kaɗan, kuma yaƙar ƙarin suke yi ko sun koma yi masa hidima. Fannin ya makara, domin an daɗe ana ɗaukar ƙwaƙwalwa a matsayin wurin da garkuwar jiki ba ta shiga.

Ba haka kawai aka ɗauki wannan ra'ayi ba. A 1948 Peter Medawar na Ingila ya dasa baƙuwar fata a ƙwaƙwalwar zomaye, ya ga ta zauna lafiya, alhali a wani sashen jikin da tuni an kore ta. Tun 1919 kuwa Pío del Río Hortega na Sifen ya bayyana ƙwayoyin maikurogiliya, masu gadin ƙwaƙwalwa na cikin gida, amma aka yi shekaru ba a ba su muhimmanci ba. Sai a 2015 masu bincike a Jami'ar Bajiniya da kuma Helsinki suka nuna akwai magudanan ruwan garkuwa a tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a Afirka an ga alaƙar sankarar yara da garkuwar jiki ƙuru-ƙuru. A 1958 Denis Burkitt ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, daga baya aka lura ya fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 masu bincike Epstein da Achong da Barr suka gano ƙwayar bairos a cikinsa. Maleriya mai maimaituwa tana gajiyar da garkuwar yaro, bairos ɗin ya sami sarari. Wannan ƙari yakan danne laka: yaron da ke guje-guje makon jiya sai a wayi gari ƙafafunsa sun mutu, fitsari ya ƙi tsayawa. Asibitin koyarwa na Ibadan ya yi fice a kansa. Can Latunde Odeku ya kafa tiyatar ƙwaƙwalwa a 1962, can kuma Victor Anomah Ngu ɗan Kamaru ya yi aikin maganin ƙarin Burkitt da ya kai shi ga lambar yabo ta Lasker a 1972.

A Kano, irin waɗannan yara yawanci Asibitin Malam ake kai su, wato Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya a Tarauni, kusa da Gyadi-Gyadi da Unguwa Uku. An kafa shi a 1988. Wani nazari da likitocinsa suka buga a 2012 ya nuna sankarar ido da ƙarin Burkitt ne kan gaba a yara, na ƙwaƙwalwa kuwa ƙalilan. A Turai da Amurka ƙarin ƙwaƙwalwa ne na biyu bayan sankarar jini, don haka da wuya a ce babu shi a nan. Ciwon kai da amai da asuba da tangaɗi a tafiya ba wuya a ce maleriya ce ko iska, ga hoton ƙwaƙwalwa da tsada. Yaron da ba a ciri tsokar ƙarinsa aka duba ba, ba zai shiga lissafi ba.

Inda aka duba, an tarar yawancin ƙarin ƙwaƙwalwar yara ba su da sojojin da ake kira T sai kaɗan, maikurogiliya da danginta ne suka cika wurin. Shi ya sa magungunan zaburar da garkuwa da suka taimaki manya masu sankarar fata ba su taɓuka abin kirki ga irin wannan ƙari ba. A 2022 Jami'ar Stanford ta ba da rahoton majinyata huɗu masu irin wannan ƙari da aka sarrafa sojojinsu na T aka mayar musu, uku suka ji sauƙi na wani lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tun 2018 take son kashi 60 cikin 100 na yara masu sankara su rayu kafin 2030. A ƙasashe da dama masu ƙaramin ƙarfi ba a kai 30 ba tukuna.