Daga Gwangwanin Tumatir Zuwa Sassaben Zamani

Bara, da na zo karatu Tasawa daga ƙauyenmu na ƙasar Mayahi, na dasa zogale cikin gwangwanin tumatir, na aje shi a ƙuryar ɗakin da muke kwana. Safe da yamma ina ba shi ruwa. Kwana ashirin bai cika ba ganyen ya yi rawaya, ya zube. Da na je hutu na ba kakata labari, sai da ta yi dariya har da tafi. Ta ce, “Kai ɗan nan, ka huda gindin gwangwanin? A'a. Yana ganin rana? A'a. To ai ba dashe ka yi ba, kurkuku ka sa shi.” Wannan dariya ce ta sa na shiga tambayar tsofaffi yadda mutanenmu suka zauna da icce tun da.

Abu na farko da na gane, ajiye fure cikin ɗaki don ado ba al'adarmu ba ce. Shukar gidan Bahaushe a tsakar gida take, kuma kowace da aikinta: lalle na ƙunshi, zogale na kwaɗo, ƙwarya da ke hawa danga. Dubarar kula da su ta mata ce. A dasa kusa da randa ko wurin alwala, don ruwan da ya zube kada ya tafi banza. A zuba toka saboda gara, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Shi kuwa dogon yaro da ya cika titunan Tasawa baƙo ne, asalinsa Indiya, zamanin Turawa ya shigo ƙasashenmu.

A gona labarin daban ne. Kakanninmu sun san darajar gawo, mai zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, da rani kuma ya yi kore dabbobi su ci ƴaƴansa. A Damagaram har gobe ana labarin tsananin da Sarki Tanimun ya yi kan masu saran gawo. Amma dokar gandun daji ta Faransa, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun sa manyan itatuwa irin su gawo ƙarƙashin ikon hukuma. Manomi ya reni icce a gonarsa, ya sari reshe, a ci shi tara. To wa zai reni abin da ba nasa ba? Ga noman gyaɗa ya buɗe daji, ga masu koyar da noma suna cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas. Sai mutane suka riƙa sassabe ƙwal, su tara su cinna wuta.

Sakamakon ya fito a farin 1973, ya kuma fito a 1984, shekarar yunwar da tsofaffinmu ke kira El-Buhari, don a lokacin ne Najeriya ta rufe iyaka. Kakata ta ce iska kan binne shuka da rairayi, sai an sake shuka sau biyu, sau uku. Icen girki kuwa sai mace ta wuni tana nema, in ba ta samu ba ta hura kara da kashin shanu.

Hukuma ta yi yunƙuri. Tun 1975 Seyni Kunce ya mai da 3 ga Ogusta ranar dashen itatuwa, kuma a watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi kan yaƙi da hamada. An raba dashe masu yawa cikin leda. Sai dai galibinsu sun bi hanyar zogalena: ba mai ba su ruwa, ba mai tsare su daga awaki, don ba wanda ya ɗauke su nasa.

Canjin ya ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki a jahar Maraɗi, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace bazara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye. Ba sai an dasa ba. Ka zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan a jikin sabara ko kalgo, ka datse sauran, ka tsare su. Shi ne sassaben zamani. Da fari an yi wa masu yinsa dariya, wai gonarsu ƙazama ce, wasu ma sun sare nasu da taimakon abinci ya ƙare. Waɗanda suka daure suka samu icce da harawa, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye, nan kusa da mu, har kwamitin tsaron itatuwa aka kafa, da mata da Fulani makiyaya a ciki. Masu bincike sun ƙiyasta eka miliyan 5 irin ta Faransa da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar. Dokar gandun daji ta 2004 da ƙudurin gwamnati na 2020 suka zo daga baya suka ƙarfafa haƙƙin manomi kan iccen da ya rena.

Amma ƴan uwa, kada mu ce an gama. Ku je Gulbin Kaba, wanda ya ratsa Mayahi da Tasawa. Kaba ita ce ƙuruciyar goriba. Iyayenmu mata da ita suke saƙa tabarma da igiya, da kuɗin ake saya wa wasunmu littafi. In ana yankar ta kullum ba hutu, har a taɓa zuciyarta, ba za ta taɓa tashi ta zama goriba ba. Tsofaffin goriba suna faɗuwa, wa zai gaje su?

Na sake dasa zogale, wannan karon na huda gwangwanin, na kai shi bakin randa inda hantsi ke faɗawa, ba na ƙara ruwa sai na taɓa ƙasar na ji ta sha iska. Ya kai gwiwata yanzu. Hutun bazara mai zuwa, in Allah ya kai mu, na roƙi Baba ya bar mini kaba biyar a gonarmu ta gulbi, kada kowa ya sa masu wuƙa. Ya ce ya ji, amma in fara shawo kan Inna, don ita ke saƙa da su.