Wilin Baya Shi Ke Ɗaukar Wahala

Bayan da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a shekarar 2022, na ga wani matashinmu a Agege ya ɗaura wa kekensa ƙaramin inji. Ko wata biyu bai yi ba wayoyin wilin baya suka fara tsinkewa, sarƙa tana zamewa. Abin ya tuna mini tarihin babur ɗin kansa.

A 1946, bayan yaƙin duniya na biyu, Soichiro Honda ya sayi ragowar injinan da sojojin Japan ke ba rediyonsu wuta da su, ya riƙa ɗaura wa kekuna a garin Hamamatsu. A 1947 ya ƙera injinsa na kansa, wanda ke juya wilin baya da bel. A 1952 ya fito da Cub F, inji a gefen wilin baya. Faransawa kuwa, a VéloSoleX na 1946, kan tayar gaba suka ɗora nasu.

Sai a 1958 Honda ya fito da Super Cub, inda aka ƙera jiki da wili da sarƙa da birki daidai da ƙarfin injin.

Darasin a nan shi ne, wilin keke ƙarfin ƙafa aka yi masa. Duk wanda zai sa inji, ya fara sauya wili da wayoyi masu kauri, ya gyara birki. Rai ba ya da safaya. Allah ya tsare mu, amin.